Darasi Don Ƙungiyoyin Manoma: Shirin Gida Kafin Babbar Iska, Da Lokacinta, Da Bayanta

Ga mai jagorar darasi: Ya fi kyau a raba wannan darasi zama biyu. A zama na fari a karanta kashi na 1 zuwa na 4. A zama na biyu a karanta sauran, kana a amsa tambayoyi. A gayyaci kafinta da magini na ƙauye, da matan gida kuma, gama yawancin aikin yana hannunsu. Watan Fabrairu ko Maris ya fi dacewa, tun ba a shiga sharar gona ba.

'Yan'uwa manoma, kowace shekara sa'ad da hadarin farko ya haɗo daga gabas mukan yi murna, gama shuka ta zo. Amma wannan hadarin ne kuma yake kwashe kwanon makaranta, ya tuge jinkar rumbu, ya ka da katanga a kan mutane suna barci. Washegari sai a ce tsautsayi ne. Gaskiya ne ba mai iya tare iska. Duk da haka akwai ƙasashen da iskarsu ta fi tamu ƙarfi nesa ba kusa ba, sun kuwa koyi yadda za su rage hasarar rai da ta dukiya. Za mu duba abin da suka koya, mu ɗauki abin da ya dace da gidajenmu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

1. MECE CE GUGUWAR TEKU?

Ba ƙaramar guguwar nan ba ce da ke murɗa ƙura da karan dawa da rani. Wannan a bisa teku take haɗuwa, inda ɗumin ruwa ya kai digiri 26 ko fiye. Iska mai laima tana tashi sama, gizagizai su taru, sai dukan hadarin ya soma juyawa kamar dutsen niƙa na inji. Faɗinsa yakan kai ɗaruruwan kilomita. Idan gudun iskar ya kai kilomita 119 a awa ɗaya, to, ta zama cikakkiyar guguwar teku. An kasa ta aji 5 bisa ga ƙarfinta. Aji na 5 yana wuce kilomita 250 a awa.

Mutanen Amurka da tsibiran Karebiyan suna kiranta hariken. A Jafan da Filifin ana ce da ita taifun. A Tekun Indiya kuwa saikulon ake ce mata. Abu ɗaya ne, suna ne ya bambanta. A Tekun Atilantika lokacinta daga Yuni ne zuwa Nuwamba.

Da abu uku take ɓarna. Na ɗaya, iska. Na biyu, ruwan teku da iskar ke turowa bisa ƙasa, tsayinsa mita da yawa. Na uku, ruwan sama mai kwana yana zuba. Ku lura da wannan da kyau: ruwa ya fi iska kisa. Lissafin da aka yi a Amurka daga 1963 zuwa 2012 ya nuna cewa cikin mutum 10 da guguwa ta kashe, wajen 9 ruwa ne ya ci su. A watan Agusta 2005, guguwar da aka sa wa suna Katrina ta sa ganuwar da ke tare ruwa a birnin New Orleans ta fashe, ruwa ya rufe wajen kashi 80 cikin 100 na birnin, mutane fiye da 1,000 suka rasa rayukansu.

A tsakiyar guguwar akwai wani fili da ake kira idonta. Idan ya iso bisa gari sai iska ta kwanta, wani lokaci har rana ta fito. Wanda bai sani ba yakan fito duba ɓarna. Jim kaɗan iskar ta komo daga wancan gefe da dukan ƙarfinta, ta same shi a waje.

2. INA RUWANMU DA ITA?

Guguwar teku ba ta zuwa ƙasarmu, gama daga ɗumin teku take samun ƙarfi, da ta hau tudu kuwa sai ta soma mutuwa. Amma akwai dangantaka tsakaninta da hadarinmu. Kun sani hadarin damina daga gabas yake fitowa ya nufi yamma. Kowane kwana 3 zuwa 5 wani tarin hadari yakan ratsa Cadi, da Nijar, da arewacin Nijeriya, da Mali, ya faɗa teku ta wajen Senegal da Gini. Yawancinsu a can suke watsewa. Waɗansu kuwa su sami ruwa mai ɗumi su girma. Yawancin manyan guguwar da ke faɗa wa Karebiyan da Amurka daga irin wannan hadari suka soma. Ranar 31 ga Agusta 2015 wata mai suna Fred ta girma da wuri har ta faɗa wa tsibiran Cape Verde da ke yamma da Senegal.

Ga bambanci mai muhimmanci. Mutanen bakin teku sukan sami gargaɗi kwana biyu ko uku kafin guguwa ta iso. Mu kuwa daga ganin gabas ta yi baƙi zuwa isowar ƙura, sau da yawa ko awa ɗaya ba a yi. Iskarmu gajeriya ce, tana zuwa a gaban ruwa, ta fi tsanani a farkon damina da ƙarshenta. Saboda haka namu shiri tilas a gama shi tun da rani. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ambaliya kuma ba baƙuwarmu ba ce. Ta 2012 ta raba mutane fiye da miliyan 2 da gidajensu a Nijeriya. Ta 2022 ta kashe fiye da mutum 600. A watan Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri da dare.

3. ABIN DA MANOMAN BANGALADESH SUKA KOYA

Bangaladesh ƙasa ce ta manoman shinkafa da masunta, mai kwari, a bakin teku. Daren 12 ga Nuwamba 1970, lokacin tana ƙarƙashin Pakistan, guguwa ta turo teku bisa ƙauyukansu. Aƙalla mutum 300,000 suka mutu. Da yawa ba su ji wani gargaɗi ba, waɗanda suka ji kuma ba su da wurin gudu.

A 1972 aka kafa shirin 'yan sa kai na ƙauyuka, wanda gwamnati da ƙungiyar agaji ta Red Crescent suke tafiyarwa tare. 'Yan sa kan nan manoma ne da malaman makaranta da matan aure na ƙauyen. Adadinsu ya wuce 70,000, wajen rabinsu mata. Idan labari ya zo ta rediyo, sai su ɗaga tuta, su hau kekuna da lasifika suna bi gida gida, su ɗauko tsofaffi da masu ciki. Aka gina dubban mafaka na siminti a bisa dogayen ginshiƙai. Ranakun da ba guguwa, makarantu ne.

Abin bai gyaru rana ɗaya ba. A watan Afrilu 1991 wata guguwa ta sake kashe wajen mutum 138,000. Aka bincika, aka tarar mutane da yawa sun ji gargaɗi amma sun ƙi tashi. Waɗansu tsoron ɓarayi suke yi. Waɗansu ba su yarda su bar shanunsu ba. Waɗansu kuwa sun ce an sha yin shela ba abin da ya faru. Sai aka ƙara mafaka kusa da ƙauyuka, aka tara tudun ƙasa domin dabbobi, aka koya wa mutane su binne busasshen abinci da ruwan sha cikin tukwane rufaffu kafin su tashi, domin su tarar da abin ci in sun komo. A 2007 guguwar Sidr, mai ƙarfi ƙwarai, ta kashe wajen mutum 3,500. A 2020, da Amphan ta zo, aka kwashe mutane fiye da miliyan 2 zuwa mafaka, waɗanda suka mutu a ƙasar ba su kai 50 ba.

Iskar ba ta rage ƙarfi ba. Abin da ya sake shi ne gargaɗi yana kai wa kowane gida, kowa ya san inda zai tafi, an kuma yi wa dabba tanadi. Waɗannan uku ƙungiyar manoma tana iya yinsu.

4. KAFIN ISKA: AIKIN RANI

(a) Yadda iska ke ɗauke rufi

Mutane suna tsammani iska tura rufi take yi. A gaskiya tsotsarsa take yi sama. Sa'ad da ta bi ta bisa kwano da gudu, tana jansa kamar yadda take ɗaga zanen da aka shanya. Idan kuma ƙofa ko taga ta gefen da iska ke bugowa ta buɗe, iska ta cika ɗakin, tana tura rufin daga ciki. Ja daga sama, turi daga ƙasa, sai rufi ya tashi. In gudun iska ya ninka sau 2, ƙarfinta sau 4 yake ninkawa. Ɓarna kuwa daga baki-baki take somawa: kusurwoyi, da bakin kwano, da tsororuwa. Da falle ɗaya ya ɗaga, sauran sun bi.

Saboda haka rufi yana bukatar ɗauri daga sama har ƙasa: kwano ga katako, katako ga katako, katako ga bango. Inda ɗaya ya yi sako-sako, nan iska za ta kama.

(b) Rufin kwano

Ku hau ku duba kowace ƙusa. Wadda ta yi tsatsa ko ta ɗago, a sake ta. A yi amfani da ƙusar kwano mai hula, a buga ta a bisa tudun kwanon, ba cikin kwarinsa ba. A baki-baki da tsororuwa a buga ƙusa a kowane tudu. A tsakiya ana iya tsallake ɗaya ko biyu. In bakin ƙusa ya fito ta ƙarƙashin katako, a lanƙwasa shi.

Ku soki katako da wuƙa. In ta shige da sauƙi, gara ta cinye shi, ƙusa ba za ta riƙe ba. A sake shi, a shafa wa sabon maganin gara.

Kowane katakon da ya zauna a bisa bango a ɗaure shi da waya mai kauri ko siririn rodi wanda aka binne cikin bangon, layi uku ko huɗu na bulo daga sama. A tsohon gini ana iya huda bango a zura wayar a ɗaure. Wannan shi ne aikin da ya fi kowane amfani, kuɗinsa kuma bai kai na bandir ɗaya na kwano ba.

Ɗora duwatsu da tsofaffin tayoyi bisa kwano ba ɗauri ba ne. Babbar iska tana jefo su a kan mutane.

Mai shirin sabon gini ya tuna da abu uku. Rufi mai gangare huɗu ya fi mai gangare biyu jure wa iska. Kada rufi ya kwanta shimfiɗe, gangaren wajen digiri 30 ya fi kyau. Kada bakin kwano ya zarce bango fiye da rabin mita. In za a yi baranda, a yi mata nata rufi dabam, domin in ta tashi kada ta ja na ɗaki.

(c) Jinka, da soro, da rumbu

Kewayayyen ɗaki na kakanninmu yana da dabara, gama iska tana zagaye shi ta wuce. Rauninsa shi ne jinka aza ta kawai aka yi. A kafa turaku cikin bango ko a ƙasa, a ɗaure jinkar da igiya mai ƙarfi ta kusurwa huɗu ko fiye. A sake tsohon bunu, a bi bisa sabon da igiya kamar raga.

Soro ba ya tashi, amma yana jiƙa ya rufta. A yi yaɓe tun da rani, a toshe tsaga, a share indararo, a duba bakin azara inda ta shiga bango. A tara ƙasa a gindin bango a daɓe ta da gangare, domin kada ruwa ya kwanta a nan. Bangon ƙasa daga gindi yake mutuwa.

Rumbu shi ne ran gida. A ɗaure jinkarsa, a duba duwatsun da yake zaune a kai. Irin shuka kuwa kada a ajiye shi duka wuri ɗaya. A shanya shi ya bushe sarai, a zuba cikin jarka ko tulu mai murfi, a raba biyu, rabi a gida, rabi a ma'ajin ƙungiya. Taki ma a ɗaga shi daga ƙasa bisa katako.

(d) Itatuwa da hanyar ruwa

A sassare rassan da suka rataya bisa ɗaki, da busassun rassa. Itacen da gara ta ci cikinsa a sare shi. Amma kada a ce za a rabu da itatuwa, gama jerin dogonyaro ko mangwaro a gabashin gari yana karya ƙarfin iska. A dasa su nesa da ɗaki fiye da tsawon da za su kai in sun girma.

A yi gayya a kwashe lambatu da kwalbati. A ɗaga bakin rijiya da gini, a yi mata murfi. Masai ya kasance a gangaren rijiya, da nisan mita 30 in da hali.

Gona ma tana bukatar shiri. A watan Oktoba 1998 guguwar Mitch ta zubo ruwa bisa Honduras da Nikaragua, fiye da mutum 11,000 suka mutu, yawancinsu ta ambaliya da zaftarewar tuddai. Bayan haka ƙungiyoyin manoma na can suka auna gonaki maƙwabtan juna. Gonakin da ke da jerin duwatsu a gicciye, da itatuwa, da ciyawar rufe ƙasa, sun riƙe ƙasarsu ta sama fiye da na kusa da su, kwazazzabai kuma ba su yi yawa a cikinsu ba. Mu ma muna da duwatsu, da gamba, da jema. A yi kunya a gicciyen gangare, ba a bin sa ba.

(e) Jakar gaggawa

Kowane gida ya tanadi jaka ɗaya a rataye kusa da ƙofa, uwargida da manyan yara su san wurinta. A sa a ciki: tocila da batir, ƙaramin rediyo, ashana cikin leda, maganin da wani a gidan yake sha kullum, sabulu, gishiri da sukari, bandeji, da 'yan kuɗi. Takardun gona, da na makaranta, da katin asibiti, da littafin ƙungiya, a naɗe su cikin leda biyu. A ajiye abincin da ba ya bukatar wuta, kamar garin kwaki, ƙuli-ƙuli, da soyayyar gyaɗa, na kwana 3. Ruwan sha kuma lita 4 ga kowane mutum kowace rana, cikin jarka mai murfi. Da damina kada a kwana waya ba caji.

(f) Gargaɗi da mafaka

Hukumar hasashen yanayi ta Nijeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da na kwana-kwana ta rediyo. A zaɓi mutum biyu su riƙa saurare. A shirya da mai unguwa a kan alama ɗaya, ko bugun ƙararrawa na musamman ko ganga, wadda kowa zai gane. A zaɓi gini mafi ƙarfi a kan tudu, ko makaranta ko majami'a, amma sai kafinta ya duba rufinsa tukuna, gama manyan rufi masu faɗi su ne iska ta fi ɗauka. A nuna tudun da za a kai dabbobi. A rubuta sunan kowane tsoho, da makaho, da gurgu, da gwauruwa mai ƙananan yara a garin, ko na wane addini ne, a sa wa kowannensu saurayi ɗaya mai ɗauko shi.

5. LOKACIN ISKA

Da ganin gabas ta haɗe, a kira yara gida, a ƙirga su. A kashe wutar murhu da ruwa, gama garwashi ɗaya da iska ta ɗauka ya isa ya cinye unguwa mai jinka. A shigar da kwanoni, da faranti, da guntayen kwanon rufi, da duk abin da iska za ta iya jifa da shi. A rufe ƙofofi da tagogi duka, a sa sakata. Masu cewa a bar taga a buɗe domin iska ta wuce sun yi kuskure, mun riga mun ga dalili.

A zauna a ɗaki mafi ƙanƙanta da ƙarfi, nesa da taga. In rufi ya soma ɗagawa, kada kowa ya kama katako yana rinjaya da iska. A shiga ƙarƙashin gado ko tebur, a rufa da katifa, a kare kan yara. Kada a fita bin kwanon da ya tashi, gama falle mai tafiya cikin iska wuƙa ne.

In an kwana biyu ana ruwa, bangon ƙasa ya jiƙe har ya soma tsagewa ko zubar da ƙasa, kada a kwana a ɗakin. A tafi wurin maƙwabci tun da sauran haske.

Wanda hadari ya tarar a gona ya ajiye fartanya da garma, ya sauka daga tudu, ya fita daga rafi. Kada ya fake a gindin itace guda da ke tsaye shi kaɗai, kada makiyayi kuma ya tara shanu a nan. Ga yadda za a san nisan tsawa: daga ganin walƙiya a soma ƙirga daƙiƙa har a ji ƙara. Kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. In bai kai 30 ba, a nemi ɗaki. A dakata minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe kafin a koma aiki.

Waɗansu suna cewa ba a taɓa wanda aradu ta faɗa wa. Wannan ba gaskiya ba ne, ba sauran wuta a jikinsa. A taimake shi nan da nan. In ba ya numfashi, a danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi a kai a kai, a nemi ma'aikacin lafiya.

Kada a ratsa ruwa mai gudu. Wanda ya kai santimita 15, watau ya ɗan wuce idon sawu, yana iya ka da babban mutum. Mai santimita 60 yana tafiya da mota. In an ce a tashi, a tashi. A kwance dabbobi daga turke, gama akuyar da ke ɗaure ba ta iya ceton kanta.

6. BAYAN ISKA

Mutane da yawa sukan tsira daga iska, sa'an nan su mutu a makon da ya biyo. Da fari a ƙirga mutane, kana dabbobi, kana kaya.

Wayar lantarki da ta faɗi, a ɗauka da wuta a jikinta. A tsaya nesa da ita mita 10, kada a taka ruwan da take ciki, a sa mutum ya tsare wurin saboda yara.

Kada a shiga ɗakin da bangonsa ya karkata. A sa takalmi, gama ƙusoshi suna ko'ina. Wanda ƙusa ko kwano ya yanka ya wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, ya je a yi masa allurar tetanus. A ɗaga tarkace da sanda, gama macizai da kunamai su ma tudu suka nema. In maciji ya sari mutum kada a tsaga wurin, kada a ɗaure tamau. A hana shi tafiya da ƙafa, a ɗauke shi zuwa asibiti.

Kada a ta da janareto cikin ɗaki ko zaure, kada kuma a shiga da gawayi mai ci a rufe ƙofa. Suna fitar da iska mai guba marar launi marar wari, mai kashe iyali duka cikin barci. A Amurka ana samun irin wannan mutuwa bayan manyan guguwa. Janareto ya zauna a fili, mita 6 daga ƙofa da taga.

Sai maganar ruwan sha. A watan Maris 2019 guguwar Idai ta faɗa wa birnin Beira na Mozambik, ta shiga Zimbabuwe da Malawi, ta kashe fiye da mutum 1,000. Ta zo dab da girbi, ta lalata fiye da hekta 700,000 na amfanin gona a Mozambik. Kafin wata ya ƙare kwalara ta ɓarke, dubbai suka kamu, gama ruwan masai ya gauraya da na sha. Rijiyar da ambaliya ta shiga, kada a sha sai an yashe ta an sa mata magani. Kafin nan a tafasa ruwa ya yi minti ɗaya yana tafasa sosai. Mai gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita 1 na tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ya riƙa kurɓa a hanyar zuwa asibiti. A kwana cikin gidan sauro, gama ruwan da ya kwanta zai kawo zazzaɓi.

Hatsin da ruwan sama ya jiƙa a fitar da shi a shanya a ranar. Masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna kada mutum ya ci, kada a ba kaji ko dabba, gama tana ɗauke da guba mai lalata hanta, dafuwa kuma ba ta kashe ta. Abincin da ruwan ambaliya ya taɓa a zubar.

Sakataren ƙungiya ya rubuta ɓarna gida gida a ranar: suna, da abin da ya lalace, da hoto in akwai waya. A kai wa mai gari da ƙaramar hukuma, domin ya isa hukumar agajin gaggawa ta jiha da ta ƙasa, watau NEMA. Amma kada a zauna jira. In lokacin shuka ya ƙure, a nemi iri mai saurin nuna, ko wake, ko a shirya noman rani a fadama. Wajen gyara kuma kada a mayar da rufi yadda yake dā. A ɗaure shi yadda muka koya.

7. AIKIN ƘUNGIYA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin a tashi daga zama na biyu, a yanke shawara a kan waɗannan, a rubuta a littafi:

1. Mutum uku, da kafinta a cikinsu, su zaga gidajen 'yan ƙungiya su duba rufi kafin ƙarshen Maris.
2. A sayi waya da ƙusa a sari, a raba, gama ya fi araha.
3. A sa ranar gayya domin rufin gwauraye da tsofaffi, da wata domin lambatu.
4. Da kaka kowa ya ba da mudu da aka amince a kai, a ajiye domin gidan da iska ko ruwa ya rushe. A sa mutum biyu su riƙe mabuɗi, ɗaya daga cikinsu mace.
5. A gwada alamar gargaɗi sau ɗaya da rana, a ga minti nawa za a yi kafin kowa ya isa mafaka.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. A shekaru 5 da suka wuce, rufi nawa iska ta ɗauke a garinmu? Daga wane gefe ta soma kama su?
2. Me ya sa ba shi da kyau a bar taga a buɗe lokacin iska?
3. Waɗanne dalilai suka hana manoman Bangaladesh tashi a 1991? Wanne cikinsu zai iya hana mu?
4. In ruwa ya shigo da tsakar dare, ina za mu kai yara, ina kuma za mu kai dabbobi? Ta wace hanya?
5. Su wane ne a garinmu ba za su iya gudu da kansu ba? Wa zai ɗauko kowannensu?
6. Rijiyoyi nawa muke da su marasa murfi? Yaushe za mu soma da ta fari?